Ta Ci Bak da Sunan Aro

Ni Ladan ban taɓa zama a bencin lakwal, makarantar boko, ko na yini ɗaya ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Sau uku mota tana kifewa da ni tsakanin Djougou da Parakou, sau uku ina fitowa ina kakkaɓe riga. Na yi kwalara na tashi, likitan da ya ce ba zan kai gobe ba da ni aka raka shi kushewa. Goron da ya bi ta hannuna, da za a zuba shi wuri ɗaya, da unguwar Banikanni ta nutse har rufin kwano. To in mutum irina ya ce ya ga rashin kunya a gidan ɗan wansa, sai ku gyara zama.

Gidan Alhaji Sanoussi ne, a unguwar Albarika cikin Parakou. Ubansa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa nake da ɗaki a bakin zaure, ba abin da ke shiga ko fita ban gani ba. 'Yan mata biyu ne a gidan, wata uku tsakaninsu. Shakira 'yarsa ce ta cikinsa. Ummuhani 'yar ƙanensa ce, marigayi Ousseini, an ɗauko ta daga Djougou ta ƙarasa karatu a nan bayan rasuwar uban.

Ummuhani a ɗaka aka haife ta, ba wanda ya je ya yanko mata takardar haihuwa. Da ta kai shekara shida, shugaban makaranta a Djougou ya ce ba takarda, ba benci. Ni na zo Parakou na karɓi kwafin ta Shakira a hannun Sanoussi, na ninke na sa a cikin hulata na kai. Ba mu muka fara ba, rabin unguwarmu da takardar wa ko ta ƙane suka yi karatu. Daga ranar, a gida ita ce Ummuhani, a lakwal ita ce Shakira Sanoussi. Ita kuwa Shakirar gaskiya, sau biyu tana maimaita aji ɗaya, ta ce lissafi yana sa mata ciwon kai, ta dawo gida ta rungumi waya. Ko jarrabawar brebe, ta gama ƙaramar sakandare, ba ta kai ba.

Shekarar da Ummuhani za ta rubuta bak, wato jarrabawar gama babbar sakandare, 'yan ajinsu suka mai da gindin mangwaron ƙofar gidanmu wurin bita. Kowace la'asar ina kan buzuna ina kallon manyan gobe. Allah ya kyauta. Akwai Ziyad, gashinsa kamar an kifa masa tsohuwar tsintsiya, wai ƙwallo zai je ya buga a Turai, alhali na ga ɗan akuya ya tsere masa a lungunmu. Akwai Adnan, wai mawaƙi, yana kumfar baki a gaban waya, ya raɗa wa kansa wani suna da ko kare ba zai amsa ba. Sai Balkisu, 'yar ƙarama, baki kamar reza, wai duwan za ta zama, wato kwastan.

"Don in tsare goronka a iyaka, Kaka," in ji ta.

"Uban kakanki ma bai iya ba," na ce mata.

Wata rana suka zo da sabuwar shiririta. Wai littafin ban kwana za su haɗa, kowane ɗalibi da shafinsa: hotonsa, halinsa, abin da yake sha'awa, da abin da yake burin zama. Balkisu ce mai rubutawa.

"Shakira, me za a sa a naki?" ta tambayi Ummuhani.

Shakirar gida tana kan dakali tana shafa wa farcenta jan fenti, ta ɗago. "Ni?"

"Ba ke ba, madam. Takwararki mai ƙwaƙwalwa."

Yaran duk sun ɗauka takwarori ne, kuma ba wanda ya taɓa gyara musu.

"Rubuta mata: abin sha'awa, kashin kaji," in ji Ziyad.

"Shi kuma rubuta masa: zaman benci ana buga ƙwallo," Ummuhani ta ce, ko kai ba ta ɗaga daga littafi ba.

Maganar kajin gaskiya ce. Bayan madafa tana da wani lungu da ta mai da asibiti. Kazar da mura ta kama, tantabarar da mage ta yaga, wata zabuwa da moto, wato babur, ya karya wa ƙafa ta ɗaure mata da tsinken tsire har ta taka. In Fulani mata sun kawo cukun wagashi, sai ta tsare su da tambaya: wane ganye kuke ba saniya in cikinta ya kumbura, nawa, sau nawa? Tana rubutawa a wani kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango. Ragona na layya da ya kwanta, kowa ya ce a yanka kafin ya zama mushe, ita ta tashe shi. Burinta ɗaya ne tun tana Djougou: likitan dabbobi.

"Amaryata," na ce mata, "in kin zama likita ni za ki fara dubawa."

"Ai dama a kan tsofaffin bunsuraye zan ƙware, Kaka."

A cikin taron nan duka, ita kaɗai ce zan iya ba ajiyar huhun goro in yi tafiya.

Sakamako ya fito da damina, a waya suka duba. Ziyad ya faɗi, ya ce dama Turai ba ta tambayar bak. Adnan ya faɗi, ya yi wa faɗuwar waƙa. Balkisu ta tsallake da ƙyar. Ummuhani kuwa ta ci da abin da suke kira mansiyon, wato ba ci kawai ba, ci da yabo. Hajiya Hindou, matar Sanoussi, ta rangaɗa guɗa har makwabta suka leƙo. Na ɗauka murnar marainiya take yi. Ba kasafai nake kuskuren karanta mutum ba, amma ranar na yi.

Da aka raba takardu a lakwal, Ummuhani ta dawo da tata a cikin leda, ta ɓoye ƙarƙashin hijabi saboda ruwa. Ni ta fara nuna wa. Na juya ta gaba da baya. Hatimi, sa hannu, suna, ranar haihuwa. Babu hoto.

Sanoussi ya fito daga ciki yana gyara agogo. "Masha Allah. Kawo in adana miki a akwatin ƙarfe, kin san gara a gidan nan."

Ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu.

Ranar Asabar aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun haya. Wai walimar cin bak. Tun safe Ummuhani take dakan sakwara, ita da 'yan aiki biyu. Ina jiran a ce ta je ta yi wanka ta shirya. Bayan azahar sai ga Shakira ta fito cikin sabon leshi, fuska ta sha fenti kamar motar biki, ta zauna a kujerar tsakiya da takardar a hannunta. Mai hoto yana cewa ta ɗaga ta sama kaɗan. Abokan kasuwar Sanoussi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji, ashe 'yarka haka take da kai? Ba ka taɓa faɗa ba."

"Ai ba na son baki ne," in ji shi.

Can sai ga Balkisu, da littafin ban kwanan a hannu. Ta dubi kujerar tsakiya, ta dubi Hajiya Hindou.

"Ina wuni, Hajiya. Ina mai walimar?"

"Ga ta a gabanki."

"Wannan? Wannan ai ko ƙofar ajinmu ba ta sani ba."

"Ke 'yar gidan wa ce? Cin abinci ya kawo ki ko bincike?"

Shakira ta juyo da takardar wajenta, tana murmushin mai hoto. "Karanta mana, sheri, tunda kin iya. Sunan wa ke jiki?"

Balkisu ta wuce ciki da sauri, ni ma na bi ta da sandata. Muka tarar da Ummuhani a bakin turmi, zufa ta jiƙa mata riga.

"Shakira, me ke faruwa a gidanku?"

Ummuhani ta jingine taɓarya. "Sunana Ummuhani. Ki ci abinci ki tafi gida, Balki."

Washegari bayan an karya kumallo na aika a kira min Sanoussi zaure. Ya zo, Hajiyarsa na biye da shi, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Ba yarinya takardarta," na ce.

"Baba, a yi magana ta hankali. Me aka rubuta a jiki? Shakira Sanoussi, haifaffiyar Parakou. Ni na haifi mai wannan suna, ni na yanka mata rago."

"Ragon ne ya zauna ya rubuta jarrabawar?"

"Aro aka ba ta. Shekara goma sha uku tana yawo da sunan 'yata, mun taɓa cewa ta cire? Yanzu mai abu tana bukatar abinta. Na samar wa Shakira wuri a wata makarantar koyon aikin asibiti a kudu, bak kawai suke nema."

"Ita Ummuhani fa?"

Ya gyara zama kamar mai shirin wa'azi. "Baba, ilimin yana cikin kanta, akwai wanda ya cire mata? Shakira ce ba ta da ko ɗaya, ba ilimi ba takarda. Dukansu 'ya'yana ne. Sai na raba: ɗaya ta riƙe ilimi, ɗaya ta riƙe takarda. In ba wannan ne adalci ba, mene ne?"

Na yi fatauci da 'yan damfara tun daga Kumasi har Malanville, na ji ƙarya iri-iri, amma ban taɓa jin wadda aka yi wa wanka aka shafa wa turare kamar wannan ba.

"Kuma wai likitan dabbobi," Hajiya ta sa baki. "'Ya mace tana cusa hannu a bayan saniya. Wa zai aure ta? Asiri muka rufa mata, da tana da godiya."

"Ke, da ke ake magana?" na ce mata.

Sanoussi ya miƙe, ya kakkaɓe babbar riga. A bakin ƙofa ya juyo, ya sassauta murya. "Kuma Baba, in maganar nan ta fita waje, za a tambayi wanda ya kai takardar Djougou. Ni dai ban kai ba."

Ni na kai, ban musa ba, kuma ko gaban wa zan faɗa. Na kai ta ne don yarinya ta shiga aji. Ban san ina renon ɓarawo a cikin zuriyar wana ba.

Daga nan kwanakin Ummuhani suka fara lalacewa, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko aka kawo takardun neman shiga makarantar, aka ajiye mata a gaba, wai rubutunta ya fi kyau kuma ita ta san makin da aka ci. Ta zauna a tsakar gida ta cike su layi-layi, aka manna hoton Shakira a sama. Sannan Hajiya ta ce tunda tana zaune ba aikin fari ba na baƙi, ta riƙa yi wa 'yar'uwarta bita kada a je can a ji kunya. Ina jin su daga zaure kowace hantsi.

"Zuciyar mutum ɗaki nawa gare ta?"

"Ya danganta da samarin da ke ciki," in ji Shakira, tana danna waya.

"Huɗu ne. Ki rubuta."

"Ke rubuta min, farcena bai bushe ba."

'Yan ajinsu suka dame ta da kira, kowa yana tambayar wace jami'a za ta. Sanoussi ya karɓe wayar, wai tana hana ta sauraron Hajiya. Aka ce kada ta ƙara zama a ƙofar gida. Aka ce in wani ya kira Shakira a hanya kada ta waiwaya. Wani malaminsu ya zo har gida a kan moto yana neman ɗalibarsa mai mansiyon, wai akwai tallafin karatu da ya kamata ta nema kafin a rufe. Hajiya ta tare shi a zaure ta ce ta yi tafiya. A lokacin yarinyar tana bayan katanga tana wanke tukwane, tana jin muryarsa. Na buɗe baki zan yi magana, ta leƙo ta girgiza min kai. Na haɗiye maganar.

Ranar da za a raka Shakira tasha, Hajiya ta ce lungun bayan madafa yana wari, kuma ana bukatar naman guzuri. Aka yanka kajin, har da zabuwar mai ɗaurarriyar ƙafa. Ummuhani aka sa ta fige su. Ta fige, ta soya, ta zuba a kwano mai murfi, ta kai har cikin mota. Shakira ta leƙo ta taga.

"Mersi, Hani. Zan turo miki hoton rigar aiki."

Tun daga ranar na daina jin tsiwarta. In na ce amaryata, sai ta ce na'am, Kaka, ta wuce. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma sau ɗaya da rabi.

Ban zauna ba. Na hau ɗan zem, wato acaba, ni da ita, muka tafi Tourou wurin Mushe Awwalu (mushe ake ce wa malamin boko a can), tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, mutumin da na sani tun yana yawo ba wando. Na zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Baba Ladan, in kun kai ƙara, abin da na fi tsoro shi ne a soke takardar gaba ɗaya, har da brebe da ta firamare, tunda duka da sunan wata aka rubuta su. Shakira za ta rasa, amma ita ma wannan ba za ta samu ba. Ana iya hana ta zama jarrabawa na wasu shekaru. Kai kuma da ka kai takardar, sai ka amsa tambayoyi."

"Kurkuku? A gina sabo saboda ni. Tashi mu je yanzu."

Ummuhani ta riƙe min hannun riga. "Kaka, in sun hana ni zama jarrabawa, shi ke nan na ƙare. Mushe, in na samu takardar haihuwa da sunana, zan iya sake rubuta bak?"

"Da sunanki ba ki taɓa shiga aji ba, 'yata. Sai kin bi daga ƙasa. Ta firamare tukuna, sannan brebe, sannan bak. Kowace da shekararta, in ma ba a sa ki jira a tsakani ba."

Muka yi masa godiya, muka kamo hanyar gida.

Balkisu ba ta iya riƙe baki ba, ita da haka aka halicce ta. Magana ta fara zagaya Albarika, mata suna ƙus-ƙus a wurin niƙa. Sanoussi ya ce iskar Parakou ba ta karɓi Ummuhani ba, ga yadda take ramewa, gara ta je ta ga uwarta. A satin da 'yan ajinsu ke ɗaure kaya zuwa jami'a, ita aka ɗaure mata nata a buhu zuwa Djougou. Na ce ƙafata ƙafarta. Sanoussi ya ce wa zai kula da ni a can. Na ce wanda ya kula da ni kafin a yi maka kaciya.

Uwarta Hadjo tana soya ƙosai a bakin hanya. Na ɗauka in ta ji za ta ɗaura ɗamara ta hau mota. Sai ta ja 'yar ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ki rufa min asiri ki yi shiru. Baffanki ne, shi kaɗai ya rage mana mai hali a dangin ubanki. Kina son a ce 'yar Hadjo ce ta raba zumunci saboda takarda? Ni da ban yi bak ba na mutu?"

"Inna, shekara goma sha uku fa."

"Allah yana gani."

"Ni ma ina gani," na ce daga waje, "kuma ban ga kin yi komai ba."

Wata biyu muna hawa da sauka kafin a ba ta takardar haihuwa. Ni ne shaida, da wata tsohuwar unguwarzoma da ta yanke mata cibi. Ranar ƙarshe, magatakardan, wani saurayi mai ɗaurin wuya da ko sallama bai iya amsawa ba, yana cike takarda yana tambaya cikin Faransanci, ko kallonmu ba ya yi. Suna. Sunan uba. Sunan uwa. Sai ya juya harshe, ya ɗaga murya kamar yana magana da kurame.

"Ta yi lakwal?"

Na dube ta. Faransancin da ke bakinta ya isa ta koya wa yaron nan da ubansa. Ta dubi takardar.

"A'a," in ji ta.

Ya ja layi a wurin, ya turo mana tawada. Na danna babban yatsana, ita ma ta danna nata kusa da nawa. Muka fito, ta tsaya a bakin famfo tana wanke yatsan, ta daɗe tana wankewa.

Wata huɗu cif Shakira ta yi a kudu. Ranar farko da aka shiga da su ɗakin masu rauni ta ga jini ta zube, sai da aka yi mata fifita. Jarrabawar farko ta ci abin da ko ni zan ci. Ta tattaro kayanta ta dawo, wai malaman suna da hassada, kuma dama ita kasuwancin turare a waya take sha'awa. Da labari ya iso ni, na hau motar farko zuwa Parakou.

Na tarar da takardar a falo. An sa ta a gilashi mai bakin zinariya, an rataye sama da talabijin, tsakanin hoton Ka'aba da agogon bango.

"To, an gama wasan," na ce wa Sanoussi. "Mai farce ba ta so. Sauke ka ba mai ita."

"Baba, ai bakin alƙalami ya riga ya bushe. An yi wa Shakira katin ɗan ƙasa da wannan suna, an ɗauki yatsunta da hotonta. Ita ma Ummuhani na ji kun yanko mata tata. In na ba ta yanzu, me za ta yi da takardar wata?"

"Kai me kake yi da ita?"

Hajiya ce ta amsa, tana bare lemo. "Akwai masu zuwa neman aure daga Cotonou, gidan 'yan boko ne. Sun riga sun ji mai bak ce. A sauke kuma su zo su ga ƙusa?"

Ku ji fa. Ba don a ceci ran kowa ba, ba don a ci abinci da ita ba. An tsige yarinya daga hanyarta, an mai da ita Djougou da buhu, don a toshe ƙusa a bango. Kuma mutumin nan sahun gaba yake salla, shi ake ba lasifika in za a tara wa marayu taimako. Ranar Juma'a in ya wuce ana cewa Alhaji mai zumunci, ya riƙe 'yar ƙanensa kamar tasa. Ya riƙe ta kam. Ya riƙe ta har ta gama yi wa 'yarsa aikin da kanta ba zai iya ba, sannan ya sake ta. Ku da kuke da 'ya'yan riƙo a gidajenku suna amsa sunan wasu a lakwal, na san ku, gida-gida zan iya lissafa ku daga Albarika har Banikanni. Ku je ku duba fuskar wanda kuka ara wa suna, ku tambayi kanku ranar da takarda ta yi daraja wa za ku ba.

Na tofar da goron bakina a kan kafet ɗin Hajiya, na shiga ɗakina na kwashe buzuna da butata. Ban sake kwana a gidan ba.

Da damina ta zagayo aka yi jarrabawar gama firamare. Ummuhani ta yi rajista a Djougou cikin masu zaman kansu, ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Shekararta ashirin. Da sassafe na raka ta, ta riƙe biro biyu da 'yar rula a leda. Ƙofar makarantar cike da yara 'yan shekara goma sha ɗaya, wasu majina ba ta gama bushe musu ba, iyaye mata suna gyara musu wuyan riga suna tofa musu addu'a.

Mai gadin ƙofa ya tare ta da hannu. "Madam, iyaye a waje suke tsayawa."

Ta miƙa masa katin zama. Ya duba, ya dube ta, ya sake dubawa, ya matsa gefe.

Na zagaya ta wajen katanga inda nake hango bakin ajin. Wata malama ta tsaya da takarda tana kiran suna, yaro ya ce "firezan" ya shige. Ta kira na goma, ta kira na ashirin.

"Ousseini Ummuhani."

Tana tsaye a ƙarshen layi, ta fi kowa tsawo da kai biyu, idonta a kan malamar, tana jira. Ba ta taɓa jin wannan suna a bakin malami ba.

"Ousseini Ummuhani! Ba ta zo ba?"

"Ke ce, amaryata!" na ƙwala daga bayan katanga, har mai gadi ya zaburo. "Ke ake kira!"

Yaran suka fashe da dariya. Ta ɗan firgita, ta ɗaga hannu.

"Firezant," in ji ta.

Ta shiga. Bencin ya yi mata kaɗan, gwiwoyinta suka ƙi shiga ƙarƙashin tebur, sai ta zauna a karkace. Aka raba takardu, ta cire murfin biro, ta sunkuya.